Abin da Kawu Ya Auna

Wanda Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa, da hantsi, a gidansa na Kudan, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Manoman tumatir sun zo da laka a ƙafa, tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Zariya a mota ɗaya, kowa da sandarsa. Inna, ƙanwarsa wadda ta haife ni, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ɗaki tana maimaita cewa ko jiya sai da ya yi mata musu a kan gishirin miya. Mata suna ba ta haƙuri, ita kuma tana ba su labarin gishiri.

Abu biyu suka tsaya mini a rai ranar nan. Wata tsohuwa Kirista ta sauka daga acaɓa, tun daga Kurmin Kogi, ta durƙusa a tsakar gida tana kuka kamar ubanta ne ya rasu. Matasan gida suna tambayar juna ko wace ce. Ni na san ta, Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Sannan ana cikin jiran a fito da gawa, wata babbar mota mai ruwan ganye ta rage gudu a bakin titi. Kwandunan albasa ma ta ɗauko, amma duk mai furfura a wurin sai da ya yi tsit har ta wuce. Yara ba su lura ba. Saboda su nake wannan rubutu.

Kawu ne ya riƙe ni tun ina ƙarama. Aikinsa a ɗakin kwamfuta yake, a wata babbar makaranta a Zariya, tun zamanin da na'ura ɗaya ke cinye ɗaki guda. Mutum ne mai wuyar zama, gaskiya, kuma ba zan yi masa kwalliya ba don ya rasu. Duk maganar da ka kawo masa tambaya ɗaya yake jefa maka: "Ka auna, ko dai ji ka yi a jikinka?" In ka ce rana ta yi zafi, in ka ce hanya ta yi nisa, in ka ce wane ba ya son ka, tambayar ke nan. Akwai lokacin da na tsane ta kamar ciwon haƙori.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ta taɓa yin ƙorafin cewa murhu ne ke cinye mata yini. Wani mijin da sai ya ce sannu, a wuce wurin. Kawu kuwa ranar Asabar ya zauna a zaure, jifa-jifa ya taso ya leƙo tsakar gida, bai ce da kowa komai ba, ya koma. Da yamma ya sanar da ita cewa ya wanke murhu daga zargi, domin yawancin leƙen da ya yi a bakin rijiya ya same ta, a tsaye, tana jiran maƙwabta su dawo da guga. Iya ta ƙi yi masa magana har wayewar gari. Ya sayo guga na biyu, ta kuma yi amfani da shi tana harararsa.

Da sojoji suka shigo da tsuke bakin aljihu aka fara rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai kai ƙara ko'ina ba. Ya kwashe littattafansa da wani gwangwanin biskit da yake ajiye faya-fayan kwamfuta a ciki, ya dawo Kudan ya kama noman tumatir. A lokacin ya riga ya aurar da ni ga ɗalibinsa, wanda ya sami aiki a Ikara, a wani shirin noman rani. Daga ranar ɗaurin aure malami da ɗalibi suka zama suruki da suruki. Maigidana ya daina cin abinci a gabansa, ya daina kallon idonsa, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Mutum biyu da a da suke yini suna gardama a kan lissafi, magana ta koma gaisuwa kawai.

Aikin maigidana shi ne manhajar da ke tsara rabon ruwa. A lokacin furogiram suke ce mata. Duk mako sai ta lissafa gonar wa za a buɗe wa ruwa daga madatsa, yaushe, kuma har tsawon wane lokaci, a buga a takarda a kai wa masu buɗe ƙofofin ruwa. Shi ya rubuta ta da hannunsa, kuma da farko lafiya lau take aiki. Matsala ta fara ne da aka faɗaɗa shirin ya haɗa da Malikanci da masu rake na wajen Makarfi. Wutar lantarki sai a yi mako ba a gan ta ba, dizal ɗin janareta kuma a ƙididdige ake ba da shi, na safiya kawai. Sai a kunna na'ura ta yi ta nishi, janareta ya mutu ba ta gama ba, gobe a sake daga farko. Masu buɗe ƙofofi suka koma buɗewa da ka. Gonakin da ke kusa da madatsa suka jiƙe sharkaf, na can ƙarshen magudana suka bushe, tumatir ya yanƙwane a tsaye. A cikin waɗanda suka bushe akwai gonar wani babba a bariki.

Wata safiya motar soja ta tsaya a ƙofar ofis. Ina nan, na kawo wa maigidana abin karin kumallo, da tsohon cikin ɗana na fari. Wani manjo ya shigo, bai yi sallama ba, ya ɗora bulalarsa a kan na'urar. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce gwamnati ta sayo wannan abu da kuɗin waje alhali mutane na layin sabulu da madara, saboda haka dole ya yi aiki. Sai ya dubi maigidana.

"Na'ura ba ta zagon ƙasa," in ji shi. "Mutum ke yi. Zan dawo kafin rabon ruwa na gaba."

Ya bar soja ɗaya a kan benci a bakin ƙofa. A zamanin nan kowa ya san akwai dokar da za a ɗauke mutum da ita ba kotu ba lauya, kuma mun san gidaje a Ikara da aka ɗauke wa maigida, mata na ta zaryar bariki da kwanon abinci ana dawo musu da shi. Wannan shi ne abin da ke jiran mijina, ni kuma da ciki ya kai wata takwas.

Maigidana ya tabbata ya san inda ciwon yake. Sashen da ke lissafa yawan ruwa ne, in ji shi, domin nan ne lissafi mai nauyi yake, nan ne kuma ya fi alfahari da shi. Ya warware shi ya sake ɗinkawa, ya kuma sake, yana rama a idona, na'ura kuwa ko gezau. Na ce a kira Kawu. Ya ce ya gwammace a kulle shi da surukinsa ya ga ya kasa. Na ce to ni ban gwammace ba. Na hau ƙaramar bas zuwa Kudan ba da izininsa ba, kuma har yau ban nemi gafara a kan wannan ba.

Na sami Kawu a gona. Na zayyana masa komai ina kuka. Ya saurara har na gama, ya wanke hannu a magudana, ya tambaye ni ko mijin nawa ya auna. Da ina da ƙarfi a ranar da na jefe shi da tumatir. Ya shiga gida ya ɗauko gwangwanin biskit ɗinsa muka kama hanya.

Rigimarsu ta farko da ta ƙarshe a wannan ofis aka yi ta, kuma ta bakina aka yi. Na'ura ɗaya ce, kujera biyu, dole su zauna kafaɗa da kafaɗa. Maigidana yana kallon ƙasa sai ya ce da ni in gaya wa Baba ga inda matsalar take. Kawu yana kallon bango sai ya ce in gaya wa yaron nan shi bai zo jin abin da jikinsa ya gaya masa ba. Ni ina tsakiya kamar tafinta a kotu, Maman 'Yan Biyu kuma, wadda ita ce mai shigar da sunayen manoma a na'urar, tana gefe tana danne dariya duk da sojan da ke bakin ƙofa.

Kafin Kawu ya taɓa komai sai da ya sa aka kunna manhajar, ya ɗora tafin hannunsa a jikin na'urar, ya kasa kunne. Ya ce jinkiri iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Ko dai ƙwaƙwalwar na'ura tana aiki tuƙuru aikin ne ya yi mata yawa, ko kuwa zaune take tana jiran faifai ya juyo mata da abin da ta aika a ɗauko, kamar Iya a bakin rijiya. Faifan shiru yake, fitilarsa ba ta ƙyaftawa. Ashe ba jira take ba, wahala take sha. Saura a gano a wane ɗaki take shan wahalar.

Ya fito da faifai biyu daga gwangwani. Ɗaya ya sa masa suna Mai Gadi, ɗayan Mai Leƙe, kuma don ni ya yi bayanin, ko da yake na san da wanda yake. Manhaja, in ji shi, gida ce mai ɗakuna da yawa, na'ura tana shiga wannan ta fita ta shiga wancan. Mai Gadi yakan tsaya a kowace ƙofa ya rubuta shiga ya rubuta fita, ba abin da ke wuce shi. Mai Leƙe kuwa ba ruwansa da ƙofa. Duk bugun agogon cikin na'urar sai ya ɗaga labule ya ga ɗakin da take, ya yi alama, ya saki. In an jima a duba ɗakin da alama ta fi yawa.

Maigidana ya ce in gaya wa Baba a sa Mai Gadi, domin shi ke ba da adadi cif-cif, irin wanda za a iya shimfiɗa wa manjo a tebur. Nan Kawu ya manta da ni ya juya ya dube shi kai tsaye, karo na farko tun aurenmu.

"Mai Gadi nauyi gare shi," ya ce. "Na'urar da ba ta gama aiki kafin mai ya ƙare, ita za ka ɗora wa gadi a kowace ƙofa? Kuma ƙaramin ɗakin da ake yawan shiga, rubutun gadin kansa sai ya sa ka ga kamar shi ne ɓarawon. Ka fara leƙawa ka san unguwa, sannan ka kai gadi ƙofa ɗaya. Don manjo kake aunawa, ko don ka sani?"

Maigidana ya matsa da kujerarsa ya ba shi wuri.

Aka saki Mai Leƙe. Muka zauna muna jin ƙarar janareta, kowa na tunanin dizal ɗin da ke raguwa. Sojan ya leƙo ya tambaya ko an gama, Kawu ya ce masa ana kai. Da rana ta ɗan ɗaga ya tsayar da aikin, sakamako ya fito a allon na'urar, layi-layi, kowane ɗaki da tsawon alamarsa. Sashen lissafin ruwa, wanda mijina ya ƙare ƙarfinsa a kai, alamarsa ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Layi ɗaya ne ya miƙe har ƙarshen allo, na wani ɗan ƙaramin sashe da ba wanda ya taɓa waiwaya, mai nemo sunan manomi.

Washegari aka kai Mai Gadi wannan ƙofa kaɗai, ya nuna cewa kafin a sami manomi ɗaya sai na'ura ta bi ta kan kusan rabin manoman shirin. Dalilin kuwa da muka gane shi sai da muka rasa ko dariya za mu yi ko kuka. Sashen yana raba sunaye ne cikin aljihuna bisa haruffan farko, don in ana neman mutum a buɗe aljihunsa kawai. Maigidana ya gwada shi da sunayen abokansa, tsirara, ya ga yana gudu. To amma wane malamin gona ne zai tsaya gaban dattijo mai rawani ya rubuta sunansa haka gatsau? Kowa Malam ne ko Alhaji. Inda ma aka manta, Maman 'Yan Biyu da kanta take ƙarawa, domin tun da ta zo daga kudancin Kaduna aka koya mata ba a kiran babba da sunansa kai tsaye, ta kuwa riƙe. Duk ƙasar Ikara da Makarfi ta cunkushe a aljihu biyu, sauran aljihunan fayau.

Maigidana ya ce a goge laƙabin duka. Kawu ya ce ba za a tuɓe wa dattawa rawani don na'ura ta ji daɗi ba, a dai koya mata ta tsallake gaisuwa ta kama suna. Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Aka kunna, kafin ruwan shayin da Maman 'Yan Biyu ta ɗora ya tafasa injin buga takarda ya fara ƙara. Kawu bai yarda ba sai da ya sake sakin Mai Leƙe ya ga dogon layin nan ya faɗi. Na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Manjo ya dawo kamar yadda ya ce. Aka nuna masa takardar rabon ruwa, aka yi masa bayani. Ya saurara da kyau, domin ba jahili ba ne. Sai ya ce ya ji, amma tumatir ya riga ya bushe, kuma shi an aiko shi ne ya koma da mutum, ba da bayani ba. Ya tambaya wa ya shigar da sunayen. Maman 'Yan Biyu ta miƙe tsaye tana riƙe da gefen tebur. Mijinta ya rasu, 'yan biyun nata ko yaye su ba a daɗe da yi ba. Kawu ya ce mace ta rubuta abin da iyayenta suka koya mata, sunaye ba su da laifi, aljihunan ne aka gina ba daidai ba. Manjo ya ce to madalla, wa ya gina aljihunan?

Na ga mijina ya buɗe baki. Na san daga wani littafin Turawa ya kwafo sashen nan, a gabana ya yi, a kan tabarmar ɗakinmu.

"Ni ne," in ji Kawu. "Ni na rubuta shi tun ina Zariya, na ba shi na ce kada ya taɓa. Ɗalibina ne, kuma surukina ne, ba ya iya yi mini musu."

Maigidana ya ce, "Baba..." Kawu ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce yaushe ya fara sa baki manya na magana. Ya miƙo mini gwangwanin biskit, ya ce in gaya wa Iya a riƙa ba tumatir ruwa da yamma. Ya shiga motar da ƙafarsa.

Na haihu ba ya nan. Aka yi suna ba ya nan, aka sa wa yaron sunansa, shi ya sa har yau ban taɓa kiran ɗana da sunansa na yanka ba. Iya ta yi ta zaryar bariki, yau a ce yana Zariya, gobe a ce Kaduna. Mijina ya je ya faɗi gaskiya, wani kofur ya kore shi ya ce an riga an rufe fayil. Sai da damina ta sauka wata mota ta ajiye Kawu a bakin titin Kudan. Ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji. Daga ranar bai sake tuɓe riga a gaban kowa ba, ko a gona, ko zafi ya kai yaya. In babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe inji ba, sai ya katse magana ya zuba wa zaure ido. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru a can, sai ya ce abincinsu gishiri ya yi yawa.

Bai fasa halinsa ba. Maman 'Yan Biyu takan kawo masa doya duk Kirsimeti, shi kuma ya auna ta a hannu ya ce ta bara ta fi nauyi. Ɗana ya girma ya bi sana'ar kakansa, yakan zo da 'yar kwamfutarsa ya nuna masa kayan awon zamani, masu zana hoto ja da rawaya kamar harshen wuta. Kawu ya ƙura ido ya tambaya, wannan gadi yake ko leƙe? Yaron ya ce leƙe ne, Kaka. Ya ce to har yanzu da sauran masu hankali a duniya.

Ni kuwa shekara da shekaru akwai abin da ke ci mini rai, ina son sa ina jin haushinsa. Mutumin da ya hana mu faɗin ko zafin rana sai da hujja, shi ne ya dubi soja ya shirga ƙarya ba ko ƙifta ido, ya bar mijina da nauyin da bai taɓa iya saukewa ba. Ba su sake zancen ba har abada. Suka koma gaisuwa, tsugune, ido a ƙasa.

Maigidana na cikin waɗanda suka yi masa wanka, Kawu ne ya bar wasiyyar haka. Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, ni ma ban tambaya ba. Amma na ga fitowarsa. Ya zauna a dakalin bayan ɗaki, hannunsa a jiƙe, tsoho da furfura, ya manta ko ya share hannun. Na zauna kusa da shi. Don in sami abin faɗa, na ce a duk rayuwar Kawu sau ɗaya tak na ji ya faɗi abin da bai auna ba.

Ya girgiza kai.

"Ya auna," ya ce. "Ina kusa da shi, na ga idonsa. Ya dubi matar nan, ya dubi cikinki, ya dubi ni. Sannan ya ga bayan wa zai fi iya ɗauka."

Aka kira salla. Ɗana ya kama gaban makara, 'yan biyun Maman 'Yan Biyu, manyan mutane yanzu, suka tsaya a bakin hanya hula a hannu har aka wuce da shi. Ya Allah, ranar da za Ka kafa ma'auni, Ka sa bayan nan nasa a kai.